Shekarar da Na Karɓi Makirfo a Hannun Yaya Garba

Na san abin da ake gaya muku a wuraren suna da biki game da ni da Babanku Garba. An ce na ƙwace masa sana'a na miƙa wa matata. An ce hassada ce ta ci ni, don shi ake ɗaga wa hannu a kasuwa, ni kuwa ina durƙushe a bayan mota ina fama da wayoyi. Duk na ji, ban kuma taɓa tsayawa na yi musu da kowa ba, domin a lokacin yana raye, kuma ba zan tsaya a bainar jama'a ina tona yayana ba. Yanzu ya riga mu gidan gaskiya, ni ma idona ya fara gajiya da ƙananan rubutu, saboda haka zan rubuta muku abin yadda ya faru, da inda na yi daidai da inda ban yi ba. Kada wani cikinku ya ce zai gyara mini labarin nan don ya yi daɗin ji.

Yaya Garba ya girme ni da shekara tara, kuma shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Mai shela ne tun kafin lasifika ta zo hannun irinmu. A Malumfashi idan akuya ta ɓata, ko za a yi aikin gayya, ko mai unguwa yana son a share magudanun ruwa kafin damina, shi ake kira. Ku da kuka san shi da tsufa ba ku san muryar nan ba. Murya ce mai kauri wadda kake ji a ƙirjinka kafin ta iso kunnenka, irin ta babbar ganga. In ya yi gyaran murya a bakin layi, mata kan ce wa yara su yi shiru. Ya san haka sarai, kuma yana ji da ita fiye da gonarsa. Ni kuwa Allah ya yi ni da in'ina, kalma ɗaya sai in yi kokawa da ita kafin ta fito, ga shi ban iya noma ba sai taɓe-taɓe. Da ya gaji da ganin ina kwance fitilar gida ina ɗaurawa, sai ya ɗauke ni ya kai ni Funtua wurin wani mai gyaran rediyo.

Maigidan nan nawa ba mai yawan magana ba ne, amma ya koya mini abu guda da ya fi duk gyaran da na iya. Wata rana ana karanta labarai a wata babbar rediyo mai sifika biyu a ciki, babba da ƙarama. Sai ya zare wayar ƙaramar. Muryar mai karatun ta tsaya da kaurinta, ka san namiji ne, ka san babban mutum ne, amma kalmomin suka dagule kamar ya sa kai cikin tulu yana magana. Ya mayar da wayar, ya zare ta babbar. Murya ta koma siririya, ba kwarjini ko kaɗan, amma kowace kalma ta fito fes.

"Ka ji?" in ji shi. "Kaurin nan na ƙasa shi ke gaya maka wanda ke magana. Siririn nan na sama shi ke gaya maka abin da ya ce. Mutane na farkon suke saye, amma na biyun suke buƙata."

Daga baya na gane da kunnena cewa 'yan ƙananan sautukan da harshe da haƙora da leɓe ke yi, irin su sa da sha da tsa da fa da ka, duk can sama suke zaune, ba su da ƙarfi, kuma su ke raba wannan kalma da waccan. In suka ɓata sai a bar ka da gunji kawai. Na kuma lura cewa hayaniyar kasuwa, injin niƙa da janareto da babura da kukan shanu, kusan duk a ƙasa take, daidai inda murya mai kauri ke zaune. Murya mai kauri a tsakiyar kasuwa kamar baƙin zare ne a jikin baƙar riga, yana nan amma sai ka ƙura ido.

Da na dawo gida muka haɗa kai da Yaya. Muka sami lasifika biyu masu bakin ƙaho, da amfilifaya, wato akwatin da ke ƙara wa murya ƙarfi, da wata tsohuwar a-kori-kura da ba ta tashi sai an tura. Shi da makirfo, ni da tuƙi da wayoyi. Da wannan aikin aka haife ku aka yi muku suna, mun zaga daga Dayi zuwa Kafur har Mahuta. Faɗanmu ɗaya ne kullum. Akwai wani maɓalli a jikin amfilifaya da ake ce wa bes, mai ƙara kaurin murya. Ni in rage, shi ya miƙo hannu ya ƙure shi. Ga shi yana manna makirfo a leɓensa kamar zai haɗiye, abin da ke ƙara kumbura kaurin har bakin lasifikar ya riƙa karkarwa. Duk da haka ana gane shi, domin a lokacin bakinsa na fitar da kalma tsaf.

Sai ya faɗi a kan babur a hanyar Kafur, haƙoransa huɗu na gaba suka zube. Ya warke, ya bar gashin baki ya rufe wurin, ya dawo aiki. Ranar farko da ya riƙe makirfo na ji abin da ya ɓata. Kaurin na nan daram, amma siririn nan na sama ya tafi tare da haƙoran, kuma babu maɓallin da zai dawo da abin da baki bai fitar ba. Ban ce uffan ba. Ta ina zan fara? Mutumin da ya ciyar da ni, ya yi mini aure, in dube shi in ce Yaya bakinka ya lalace? A wurinmu ƙane ba ya ƙura wa bakin yayansa ido, balle ya yi maganarsa. Kuma yawancin aikinmu na biki ne da taron siyasa da sanarwar isowar taki, inda kowa ya riga ya san abin da za a faɗa. Jama'a suka ci gaba da ɗaga masa hannu, ni na ci gaba da tuƙi.

Shekarar da nake so ku sani ita ce wadda wake ya yi albarka har aka rasa wurin zuba shi. Kun san halin wake, wata biyu a buhu ƙwari sun mayar da shi gari. To a ƙasarmu kusan kowane gida akwai ragowar maganin feshin auduga a galan, rataye a bayan rumbu. Wani ya gwada yayyafa shi a kan wakensa, ƙwari suka mutu, ya gaya wa maƙwabcinsa, kafin ka ce kwabo abin ya zama yayi. Ba mugunta ba ce. Manomin auduga ya saba da maganin nan har ya daina ganinsa a matsayin guba. Sai wani gida a bayan Dayi suka ci ɗanwake, aka kwashe su gaba ɗaya zuwa asibiti, Allah ya sa da sauran shan ruwansu a gaba. Washegari Alhaji Sada, shugaban ƙungiyar manomanmu, ya zo shagona da takarda a hannu. Yana so mu bi kasuwanni mu yi shela: kada a zuba maganin auduga a wake, wanda ya riga ya zuba kada ya ci kada ya sayar, a shanya wake ya bushe sosai, a zuba a durom mai murfi a toshe, ko a buhun nan mai leda a ciki a ɗaure bakin tam. Wannan ba shelar biki ba ce. Magana ce da ba wanda ya san ta tun da farko, dole sai an ji ta kalma-kalma.

A kasuwar Dayi na yi abin da ban taɓa yi ba. Na bar Yaya yana shela, na sauka na taka cikin kasuwa. Kusa da mota, in ka natsu, kana tsintar rabin maganar. Da na wuce 'yan kayan miya na kai wajen masu injin niƙa, babu abin da ya rage sai ruri mai hawa da sauka. Na tsuguna gaban wani dattijo mai sayar da igiya.

"Baba, me mai shela ke cewa?"

"Ai Garba ne," in ji shi, yana murmushi. "Kai, Allah ya yi baiwa a maƙogwaron nan."

"Shi ne, Baba. Me ya ce?"

Ya karkata kai ya saurara na ɗan lokaci.

"Yo wa ya sani? Ko taki ne ya iso?"

Wata mai daddawa da ke gefensa ta sa baki ba a tambaye ta ba.

"Malam, ni tun ɗazu nake jin wuu-wuu kamar jirgi zai sauka. In magana ce mai amfani ai da an tako an gaya mana."

A hanyar komawa gida na tattara ƙarfin halina na ce masa can wajen 'yan igiya ba a gane abin da ake faɗa, ya bari in rage bes, shi kuma ya ja makirfo baya kamar taƙi ɗaya daga bakinsa.

"Ka mayar da ni ɗan akuya ke nan?" in ji shi. "Tun kana yawo ba wando nake shela a ƙasar nan. Yau kai za ka koya mini riƙon makirfo?"

Duk da haka a kasuwa ta gaba ya bari na rage. An ɗan sami sauƙi, amma ba wanda zai wadatar ba, domin abin da babu a baki babu shi a lasifika. Ba a jima ba wani ɗan iska mai faci ya ɗaga murya ya ce, Malam Garba mura kake yi ne yau? Yaya ya miƙa hannu ya ƙure maɓallin, bai ko dube ni ba. Haka muka yi mako uku muna ƙona mai, muna cika kasuwanni da ƙara, ni kaɗai na san ba abin da muke isarwa.

Sai labari ya zo daga wani ƙauye a bayan Kafur, kasuwar da muka yi wa shela har sau biyu. Gidan wani Malam Iro sun ci wake da shinkafa da rana. Manya suka sha wuya suka tashi, ƙaramar 'yarsa ba ta tashi ba. Alhaji Sada ya ɗauke ni a motarsa muka je ta'aziyya, Yaya ya tafi wani ɗaurin aure ranar. Muna zaune a tabarma bayan an shafa addu'a, Malam Iro ya dube ni ya gane ni.

"Ai na gan ku ranar kasuwa," ya ce. "Har na ɗaga wa Malam Garba hannu. Ina wajen 'yan awaki, na ji dai ana ta magana, ban gane ko ta mece ce ba. Ashe da ni ake."

Bai faɗa da zargi ba, da ma ya zarge ni da ya fi mini sauƙi. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na wannan rana ba. Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, ba sai wani ya tuna mini ba. Amma na kuma san an ba mu saƙo mu kai wa mutumin nan, mun tsaya a gabansa sau biyu, ba mu kai ba. A cikin motar Alhaji Sada na yanke wa raina cewa ba zan sake kunna amfilifaya a kasuwa ba sai in abin da zai fito za a gane shi, ko da kuwa wa zai yi fushi.

Wanda zai yi shelar ne ba ni da shi. Ni da in'inata, kafin in gama kada a zuba kasuwa ta watse. Washegari da hantsi ina dawowa daga shago, injin niƙan maƙwabcinmu na ta ruri, tun daga bakin layi na ji mahaifiyarku Rabi tana kiran 'yar'uwarku Sadiya, ta sauke tukunya, ta kawo tsintsiya, kuma in ta sake barin ƙofa a buɗe awaki suka shiga za ta gane kurenta. Kowace kalma ta iso ni, ta ratsa katanga biyu da ƙarar injin. Shekara da shekaru ina yi mata tsiya a kan muryar nan, ina ce mata usur. Ba siririn kaɗai ba ne, tana buɗe baki ta gama kalma kafin ta kama ta gaba, wanda duk ya taɓa shan faɗanta a cikinku zai ba da shaida. Na shiga gida na same ta a gindin murhu na gaya mata abin da nake so.

"Malam, ka san abin da kake shirin jawo mana kuwa?" ta ce. "Yaya Garba fa shi ya tsaya a aurenmu."

"Na sani."

"Kuma muryata a tsakiyar kasuwa, maza na ji? Me za a ce?"

"Za a ce abubuwa da yawa. Yarinyar da muka je ta'aziyyarta jiya sa'ar Sadiya ce."

Ta ajiye muciya ta dube ni.

"To zan yi. Amma ka je ka gaya masa da bakinka kafin kowa ya ji. Kada ya tsinci maganar a titi."

Mun ɗauki muryarta a kaset a ɗakinta, na jingina katifa a taga don hayaniya, na ajiye mata makirfo taƙi ɗaya daga baki, na rage bes har ƙasa. Sau biyar muka yi, sau ɗaya zakara ya ɓata mana, sau ɗaya dariya ta kama ta. Takardar Alhaji Sada kuwa ta ajiye ta gefe, ta ce wannan maganar ofis ce. Ta faɗi abin yadda mata ke yi wa juna magana a bakin rijiya: uwar gida, ki sansana wake kafin ki ɗora, in kin ji warin maganin gona kada ki dafa, kada ki ba kaji ma. Ta bi sauran bayanin ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar tana aiken yaro mai mantuwa.

Bayan la'asar na sami Yaya a zaurensa yana ɓarar gyaɗa. Na gaishe shi, na zauna a ƙasa kamar kullum.

"Yaya, na'urar nan ta fi ɗaukar siririyar murya a kasuwa. Na ɗauki Rabi a kaset, ina so mu gwada."

"Na'ura ce ta fi so, ko kai?"

"Shelar wake kawai, Yaya. Biki da sauran taro duk naka ne."

Ya ture kwaryar gyaɗar gefe ya dube ni.

"Lawal, in ka sa kaset ɗin nan ina cikin motar, to ka nemi wani yayan."

Maganar haƙora ta zo mini har bakin leɓe. Ba zan ɗora wa in'ina laifi ba, kunya ce ta riƙe ta. Na laɓe a bayan na'ura, na bar shi yana zaton na zaɓi matata ne a kansa. Na tashi na yi masa sai da safe tun rana ba ta faɗi ba.

Ranar kasuwar Kafur na fito na tarar da shi a gaban mota cikin farar babbar riga, kamar ba a yi komai ba. Ina jin ya ɗauka ba zan iya ba, kuma yana da dalili, domin ban taɓa saɓa masa ba tun da nake. Muka kama hanya. Na tsaya a inda muka saba, kusa da 'yan hatsi. Ya ɗauki makirfo, ya yi gyaran murya, ya hura. Shiru. Tun a gida na zare wayar makirfon daga amfilifaya na sa ta rikoda. Ya juyo ya dube ni, ni kuma na danna. Muryar mahaifiyarku ta fita ta ƙahonin nan biyu ta yanki kasuwa. Yaya ya naɗe wayar makirfon a hankali yadda ya saba, ya ajiye a kan kujera, ya sauka, ya gyara rigarsa, ya nufi tasha a ƙasa, mutane na gaishe shi yana amsawa. Zuciyata na ce mini in bi shi in durƙusa. Ban bi shi ba, ban kuma kashe ba.

Da ya ɓace mini na sauka na taka har wajen 'yan awaki, na tsaya inda nake zaton Malam Iro ya tsaya. Ga injin niƙa, ga babura, ga masu ciniki na rantsuwa, amma maganar ta zo cikakkiya, ba kalmar da ta faɗi a hanya. Na ga wata mata ta ɗebi wake a hannu ta kai hanci, mai waken ya fara yi mata rantsuwa tun ba ta ce komai ba. Da muka koma Dayi, mai daddawan nan ta tare ni ta karanto mini shelar daga farko har ƙarshe, har da kwaikwayon muryar, sannan ta ce wace ce wannan mai bakin kamar reza? Ban gaya mata ba, amma cikin mako guda duk Malumfashi an sani. Na bi kasuwanni da kaset ɗin har ƙarshen kaka. Ban sake zuwa irin waccan ta'aziyya ba a wannan shekarar. Ko kasetmu ne ko wani dalili, Allah ne masani, ba zan ci da abin da ban tabbatar ba.

Abin da ya biyo baya kun san wani, ba ku san wani ba. Wani malami a unguwarmu ya aiko a gaya mini cewa na fitar da muryar iyalina kasuwa, na aika masa cewa ya zo in kai shi gidan Malam Iro ya maimaita a can, bai zo ba. Masu biki suka daina kirana, domin Garba suke so, ba ƙahonina ba, sai na koma gyaran rediyo da wayar salula. Mahaifiyarku ta yi shekara ba ta zuwa taron dangi saboda habaici. Duk wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne Yaya. Bai sake riƙe makirfo ba, nawa ko na wani, ya koma gonarsa. In na gaishe shi a masallaci sai ya ce lafiya, ya wuce. Da aka haifi ƙanwarku Hauwa na je da kaina na gaya masa, ya ce Allah ya raya, ranar suna kuma aka shimfiɗa masa tabarma har aka watse ba wanda ya zauna a kai. Duk sallah ina zuwa gidansa, in zauna a zaure, a kawo mini ruwa, a ce ya fita. Na yi kewarsa ƙwarai, har faɗan bes ɗin nan na yi kewa. Amma ku ji da kyau, ban taɓa zuwa na ce masa na yi kuskure ba, domin ban yi ba. Da za a mayar da ni gaban motar nan a Kafur, da zan sake dannawa.

Shekara shida muna haka, sai ciwo ya kwantar da shi. Wata safiya matarsa ta aiko cewa yana nemana. Na same shi a kan gado ya rame, gashin bakin ya yi fari fat. Ya nuna mini bakin gadon, ba ƙasa ba, na zauna. Ya sa aka fita aka bar mu.

"Lawal, zan tambaye ka, kada ka kawo mini zancen na'ura. Da gaske ba sa gane ni?"

"Suna jin ka, Yaya. Ba sa gane ka."

"Muryar ce ta mutu?"

"Muryar ba abin da ya same ta. Haƙoran ne. Tun da suka fita, rabin kalma ba ta fitowa."

Ya kai yatsa ya taɓa leɓensa na sama, kamar yau ya fara sanin akwai giɓi a wurin.

"Ni a cikin kaina daidai nake jin ta," ya ce. "Tun faɗuwar babur ke nan?"

"Tun ranar farko da ka dawo."

"Kafin shelar wake da shekara nawa?"

"Uku."

Ya rufe ido. Na zaci barci ya ɗauke shi, sai na ga hawaye na bin gefen fuskarsa zuwa kunne. Tun da nake ban taɓa ganin haka ba, ko ranar da muka binne mahaifiyarmu.

"Shekara uku kana zaune kusa da ni ina ihu a banza," ya ce. "Akwai mai saka haƙoran roba a Funtua, Lawal, kusa da tasha, kai ma ka san shi. Da ka buɗe baki ka gaya mini, zan zage ka, in yi kwana biyu ba na kula ka, sannan in je. Da ni zan yi shelar nan. Da yarinyar mutumin nan..."

Bai ƙarasa ba. Ya lalubo hannuna ya riƙe, muka zauna haka har aka kira azahar.